Yadda Mang Ohim Ya Samo wa Duwatsu Lamba

Tun da aka kafa ƙasar nan, ba a yi mutumin da ya riƙe tsibiranta duka a hannu ɗaya ba sai Mang Ohim. Sarakunan zamanin da sun gwada da jiragen ruwa, Turawa sun gwada da bindiga, waɗanda suka gaje su sun gwada da jawabi a rediyo. Shi kuwa da maɓalli ɗaya ya riƙe ta, daga ƙarshen Sumatra har tsaunukan Papua, shekara talatin da ɗaya, ba tawaye, ba zanga-zanga. Maɓallin yana rataye a wuyansa da igiyar roba. Ƙasar kuma tana cikin wani dogon sito a bayan Cibiyar Binciken Ƙasa da Duwatsu ta garin Cimaranti, tsakanin kicin da wurin alwala, rufinta yana yoyo a wuri tara.

Cibiyar ta gwamnati ce, kuma ta san dalilin kafa ta, domin an sassaƙa shi a jikin wani farin dutse a bakin ƙofa. Dutsen daga ƙasar waje aka sayo shi, amma rubutun namu ne. Ƙa'idoji biyar ne. Ta ɗaya, a san ƙasa domin amfanin jama'a. Ta biyu, a rubuta abin da aka gani, ba abin da ake so a gani ba. Ta uku, abin da ke cikin ƙasa na al'umma ne, ba a yi masa farashi. Ta huɗu, duk dutsen da aka ɗauko amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ta biyar, a bi tsari.

Kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe ma'aikata suna jeruwa a farfajiya, a ɗaga tuta, mutum ɗaya ya karanto ƙa'idojin, saura su amsa. Manyan masana a sahun gaba suna amsawa da leɓe kawai, hankalinsu yana kan agogo. Daga sahun ƙarshe, kusa da direbobi, ake jin murya ɗaya tana fita tiryan-tiryan kamar ta mai ba da hadda. Wannan ita ce muryar Ohim. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa irin waɗannan kalmomi don ranar Litinin aka yi su, shi ya sa ya riƙa ɗaukarsu har Talata da Laraba.

Sunansa na yanka Abdurrohim, Mang kuwa a garinsu kamar a ce kawu ne. Yana da shekara ashirin da biyu ya shiga aikin, a matsayin ɗan dako. Masanan suna tafiya gaba da guduma da taswira, su ƙwanƙwasa gefen tsauni, su duba abin da ya ɓallo, su rubuta lamba a takarda, su miƙa baya ba tare da sun waiga ba. Wanda ke bayan shi ne Ohim. Shekara tara ya yi yana karɓa. Ya sauko da tsibirin Flores a gadon bayansa, ya haye kogunan Kalimantan da buhu a ka, ya kwana uku da zazzaɓi a wani ƙauye na Seram kansa a kan duwatsun don kada a ɗauka wani abin kirki ne a sace. A Sulawesi ya zame a gangare da buhu mai nauyin rabin mutum. Buhun bai yi komai ba. Gwiwarsa ta hagu ce ba ta sake lanƙwasuwa yadda ya kamata ba, sai Cibiya ta tausaya masa ta ba shi sito, tunda a ganinta aikin zama ne.

Abin da ya tarar a siton ya isa ya sa mutum ya koma dako. Duwatsu ne jibge cikin buhunan da suka ruɓe, takardun lambarsu kuwa gara da danshi sun raba su a tsakaninsu. Dutsen da ya rabu da takardarsa ya zama kamar baƙon da ya manta garinsu: kowa na ganinsa, ba mai iya amfana da shi. Ohim ya gane wannan tun kafin wani ya gaya masa. Saboda haka ya ƙirƙiro hanyarsa. Yakan wanke dutse ya shanya, ya ɗiga masa farin fenti daidai faɗin farce, ya bari ya bushe kwana biyu, ya rubuta lamba da baƙar tawada da alƙalamin gora, sannan ya shafe da man da kafintoci ke goga wa katako. Daga nan ya shigar da lambar a rajista: wane tsibiri, wane kogi, wa ya ɗauko, wace shekara. Tsofaffin da takardunsu suka lalace, ya riƙa bin masanan da suka ɗauko su har gida bayan sun yi ritaya, dutse a jaka, ya zauna a tabarma ya sha shayinsu mara sukari har su tuna.

A haka ya kai dutse dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida, a kan kantocin katakon jati da aka gada tun zamanin Turawa. Rajista ta cika littafi goma sha tara. Ba ya ma buƙatar buɗe su. In ka ce masa baƙin dutse mai ƙyalli daga gabashin Halmahera, sai ya ja ƙafarsa zuwa layi na sha ɗaya ya miƙa hannu sama ba tare da ya duba ba.

Ba kullum ake tambaya ba. Wata shekarar mutum uku, wata ba kowa. Amma akwai ranar da wata matashiyar likita ta zo daga wani lardi inda ruwan rijiya ke ɓata haƙoran yara yana kumbura musu gaɓoɓi. Tana so ta san abin da ke cikin dutsen da ruwan yake ratsawa, alhali kwarin da dutsen ya fito fili an riga an yi madatsar ruwa an nutsar da shi. Ba ta sa rai ba, ta dai zo ne don kada a ce ba ta zo ba. Ohim ya ajiye mata guda shida a kan tebur kafin ta gama goge ruwan saman da ya jiƙa tabaranta. An ɗauko su ne shekara ashirin kafin nan, ana neman zinariya, ba a samu ba. Ita ta samu abin da take nema, aka rufe rijiyoyi huɗu, aka haƙa wasu. A rahotonta ta gode wa Darakta, da Mataimakin Darakta, da kuma "sashen ajiya". Ohim ya karanta wurin sau biyu. Ya ce wa matarsa Icih, ai sashen ajiya shi ne.

"To madalla, Kang," in ji ta, don haka take kiran mijinta. "Gobe in na je kasuwa sai in ce a auno min shinkafa, mijina sashe ne."

Saura wata takwas ya yi ritaya labari ya zo cewa Cibiya ta samu sabon gini mai hawa huɗu, za a tayar da shi a gefen tsohon, kuma za a rushe sito. Ohim bai damu ba. Ya ma ji daɗi, don ya ji an ce sabon ginin ba ya yoyo. Ya fara neman kwalaye a shagunan taba.

Ran nan sai ga Yeyet, jami'ar kula da kayan gwamnati, da fom a hannu da takardun liƙawa masu lamba. Tare da 'yarsa ta biyu suka yi makaranta, don haka ba Bu yake ce mata ba kamar manyan mata, Neng yake ce mata, kamar yadda ake kiran 'yan mata.

"Mang, kantoci nawa gare ka?"

"Ɗari uku da sha biyu, Neng."

Ta ƙirga da kanta, ta samu ɗari uku da sha biyu, ta liƙa wa kowace lamba. Ta rubuta tsani ɗaya, fitila biyu, tebur ɗaya, littafin rajista sha tara.

"Bokitan nan tara fa?"

"Na Icih ne. Na yoyo."

"To a mayar mata, kada su shiga hoto."

Ta zo layin ƙarshe na fom, inda aka ce sauran abin da ke ciki, ta rubuta kalma ɗaya ta miƙo masa ya sa hannu. Ohim ya nisantar da takardar daga idonsa, ya kusanto da ita.

"Neng, kin rubuta babu."

"E, Mang."

Ya waiga ya dubi dutse dubu arba'in da ɗaya, su ma kamar suna dubansa.

"Ina ganinsu, Mang," in ji Yeyet. "Idona lafiya lau. Fom ne ba ya ganinsu. Kafin abu ya zama kayan gwamnati sai da ranar saye, da farashi, da rasit. A wurin wa aka saya?"

"Ba saye aka yi ba. Ɗaukowa aka yi."

"Wanda aka ɗauko a wurinsa ya sa hannu?"

"Tsauni ne, Neng."

"To ka gani."

Ta yi masa bayani a hankali, don yarinya ce mai tarbiyya. Motocin kwashe kaya an yi kwangilarsu ne bisa abin da ke da lamba. Sabon gini an raba ɗakunansa bisa abin da ke da lamba. Abin da ba shi da lamba ba zai hau mota ba, ba zai shiga ɗaki ba, ranar rusau kuma zai zama cikin ɓaraguzai. Kantoci dai su kwantar da hankalinsu, an ware musu ɗaki mai sanyi a hawa na biyu.

Washegari Ohim ya sa rigar atamfarsa ta zuwa biki ya hau ofishin Darakta. Dakta Wiranta mutum ne mai fara'a, ya yi karatu a ƙasashe biyu, bai taɓa ce wa kowa a'a ba tun da aka naɗa shi. Ya tashi ya tarbe shi, ya sa aka kawo shayi aka ajiye gabansa. Ohim ya zauna a bakin kujera, hannu biyu tsakanin gwiwoyi, bai taɓa kofin ba, tunda ba a ce ya sha ba.

"Pak, ranka ya daɗe, maganar duwatsu ce."

"Duwatsunmu! Ai su ne Cibiya, Mang Ohim. Mu duk baƙi ne."

"An ce ba za su hau mota ba sai da farashi. Na ce ko Pak zai sa musu wani abu, ko rupiya ɗai-ɗai ne."

Darakta ya jingina da kujera, fuskarsa ta nuna baƙin ciki na gaske.

"Mang, kai da kake amsa ƙa'idoji fiye da kowa? Karanto min ta uku."

Ohim ya karanto.

"To ka ji. In na sa wa dutsen al'umma farashi da hannuna, me zan ce ranar Litinin?"

"Ta huɗu fa, Pak?"

"Ta huɗu tana nan daram. Ba wanda ya ce a zubar da su. Cewa aka yi ba za a ɗauke su ba." Ya gyara zama. "Kuma ka kwantar da ranka. Duk abin da duwatsun nan suka sani mun riga mun tambaye su, mun rubuta, yana cikin na'ura."

"In wata tambayar ta taso daga baya fa, Pak? Wadda ba mu san da ita ba?"

"Tambaya mai kyau. Wallahi irin tambayar da ya kamata kwamiti ya zauna a kanta ke nan." Ya nuna kofin da babban yatsa, cikin ladabi. "Bisimilla, Mang, sha shayi."

Kowa ya san in mai ofis ya ce a sha shayi, magana ta ƙare. Ohim ya kurɓa, ya yi godiya, ya sauko matakala yana jan ƙafa.

An kafa kwamitin, kada a zalunci Darakta. Ya zauna sau biyu. A zama na farko aka zaɓi shugaba, a na biyu aka amince cewa lamarin yana da muhimmanci.

A gida Icih tana jajjaga barkono a turmin dutse ta saurari labarin har ƙarshe, ba ta ɗago ba.

"Kang, tsaya in gane. Gwamnati ta ce babu su?"

"Haka fom ya ce."

"To kwaso su mana. Ga fili bayan gida, mu tumɓuke rogon nan, ɗan'uwana ya kafa maka rumfa. Abin da babu shi ai ba a satarsa."

Ohim ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa kawo ko tsakuwar Cibiya gidansa a tafin takalmi ba, sai yanzu da furfura za a ce ya kwashe amanar ƙasa ya kai bayan ɗakin girki, kaji su riƙa hawa. Ya ce waɗanda ba a haifa ba, in sun tashi nema, Cibiya za su je, ba gidan Icih ba.

"In sun je Cibiya su tarar da me?"

"Za a samu hanya. Akwai tsari."

"Akwai dai," in ji ta, ta ci gaba da jajjage. "Mazan mutane in sun tsufa tsuntsu suke kiwo a keji, ko ba komai ya yi musu kuka. Ni nawa dutse."

Hanyar shi ya samo ta da kansa, kuma wannan ne abin da ba ya iya yafewa. Ya roƙi Yeyet ta ara masa kundin kayan gwamnati, wani ƙaton littafi da aka jera duk abin da hukuma ta yarda akwai shi a duniya, kowanne da lambarsa da farashinsa, daga jirgin ruwa har allurar maƙala takarda. Ya yi mako biyu yana bin sa da yatsa a bakin ƙofar sito, layi-layi. Bai samu dutsen bincike ba. Bai samu amana ba. Amma a shafi na ɗari huɗu da wani abu, ƙarƙashin kayan gini, tsakanin siminti da yashi, ya ga an rubuta: dutse da tsakuwa, gauraye, kowace tifa kaza.

Ya tafi wurin Yeyet littafin a buɗe, yatsansa a kan layin, yana murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo da hannunsa.

"Neng, ga su nan. Ashe gwamnati ta san da su."

Ta karanta, ta dube shi.

"Mang, wannan tsakuwa ce."

"Me ya dame ni da sunan da za a kira su a takarda? Ni ma a takarda ɗan dako nake har yau. Su dai samu lamba su hau mota. In sun shiga ɗaki, waye zai fito da su?"

"Farashin fa? Ƙa'ida ta uku?"

"Ba ni na sa ba, ba Darakta ya sa ba. Littafi ne ya sa."

Yeyet ta yi dariya har ta rufe baki da fom. Ta ce ita dai tun da ta fara aiki ba ta ga wanda ya kayar da kundin nan da kokawarsa ba sai yau. Suka auna siton da igiya, suka yi lissafi, ya kama tifa bakwai. Ta cika sabon fom: dutse da tsakuwa, gauraye, tifa bakwai, suna cikin yanayi mai kyau. Mai ajiya ya sa hannu. Darakta ya sa hannu a tsaye, yana waya. Lamba ta fito bayan kwana goma, doguwa, mai ɗigo huɗu a tsakani.

Ranar Juma'ar nan Ohim ya yi sadakar godiya. Icih ta dafa shinkafa da kurkum ta tsira ta kamar tsauni a kan faifai, da soyayyar kaza da ƙwai a gindinta, maƙwabta suka zauna a tabarma liman ya yi addu'a. Da aka tambayi dalili, Ohim ya ce wasu bayin Allah ne da ke hannunsa suka samu takardar zama. Aka shafa, aka ci, kowa ya tafi da ƙunshi a ganyen ayaba.

Da lokacin ƙaura ya zo, ma'aikatan kwashe kaya suka ce kantoci za su fara tafiya, saboda haka a sauke abin da ke kansu. Ohim ya yi kwana goma sha ɗaya yana saukewa. Ya shimfiɗa tamfol a filin da ke tsakanin tsohon gini da sabo, ya jera su yadda suke a ƙasar: Sumatra a yamma, Papua a gabas, ƙananan tsibirai a tsakiya, kowane tsibi da kwalinsa a kai. Kantocin aka naɗe su da barguna, mutum huɗu-huɗu suka riƙa ɗauka a hankali kamar masu ɗaukar mara lafiya. Ya tsaya yana gaya musu su kula da kusurwa.

Ranar Litinin bayan an sauke hannu daga tuta, ya zauna a kan kujerarsa kusa da tamfol yana jiran mota. Sai ga wani mutum da hular kwano da takarda, bayansa leburori shida da baro da shebur. Mutumin shugaban leburorin ɗan kwangila ne, ana ce masa Uyu.

"Sannu da hutawa, Mang. Kai ne mai tsakuwa?"

"Ni ne mai ajiya. Ina motar?"

"Wace mota kuma? Ai ga inda za su nan, taku ashirin." Ya nuna wani fili da aka haƙe aka kewaye da igiya a gaban sabon ginin. "Sai dai wanda ya sayo muku wannan ya cuce ku. Wani kamar kan jariri, wani kamar goro, wani ma da ka taɓa sai ya marmashe. Har da fenti. Wa ke yi wa tsakuwa fenti?"

Ohim ya karɓi takardar. Daga ofishin masu binciken kaya ta fito. Akwai umarnin gwamnati na tsimi, wanda ya ce duk ma'aikatar da ke da kayan gini a ajiye, dole ta yi amfani da su kafin ta sayi sababbi. Masu binciken sun duba rajistar Cibiya sun ga tsakuwa tifa bakwai zaune ba aikin fari ba na baƙi, alhali ana shirin sayo wata don cikon wurin ajiye motoci. Sai suka soke tifa bakwai daga odar ɗan kwangila, suka haɗa da kwafin fom don hujja.

"Wannan sa hannun waye a ƙasa?" in ji Uyu. "Mai kyau da shi, kamar na malamin makaranta."

Darakta yana babban birni wurin taro. Mataimakinsa ya ce ba ya iya soke abin da Darakta ya sa wa hannu. Ohim ya isa ofishin Yeyet gumi ya jiƙa masa riga. Ta riga ta ga takardar, idonta ya yi ja.

"Wallahi Mang ban tuna da umarnin nan ba. Bara ya fito, ba mu taɓa samun kayan gini ba balle ya shafe mu."

"To a goge lambar, Neng. A mayar da su babu."

"Shigarwa ce kwana goma. Fitarwa sai an kafa kwamiti, an rubuta wa ma'aikatar kuɗi, sun turo mutum ya gani da ido cewa kayan sun lalace. Akwai wani babur da ya ƙone tun ina sabuwar zuwa, har yau yana cikin yanayi mai kyau."

Ya tsaya yana kallon bango. Can ya ce, a hankali, kamar mai jin kunyar bakinsa, to ko zai iya ɗaukar kaɗan. Ba duka ba. Na kwarin da ruwa ya cinye, da na wani tsauni da masu siminti suka cinye, waɗanda ba sauran irinsu a duniya. Buhu biyu ma ya isa.

Yeyet ta sunkuyar da kai.

"Mang, da ka bar su a babu, da ko da tsakar rana ka kwashe su da amalanke, mai gadi har taya ka zai yi. Yanzu kayan gwamnati ne. In ka sa ɗaya a aljihu, ni ce zan rubuta rahoto, kuma saura wata biyu ka yi ritaya."

Ya ce haka ne. Ya ce ta yi gaskiya, tsari ke nan. Ya yi mata godiya, don bai san abin da ake yi ba in ba godiya ba.

Da ya dawo sun riga sun gama da Sumatra. Bai hana su ba, bai kuma tafi ba. Ya zauna a kujerarsa. Baro yana wucewa ta gabansa, farin fenti yana leƙowa nan da can, shi kuma bakinsa yana motsi: dubu tara da ɗari huɗu da biyu, kogin kaza, shekara kaza. Manyan sai an farfasa su kafin a zuba. Wani lebura ya samu wani koren dutse na Seram ya yi ta dukansa da guduma, gudumar tana tsalle, dutsen ko gezau. Ya yi duka goma sha biyu. Ohim ya kasa jurewa. Ya tashi ya ja ƙafa ya je, ya juya dutsen, ya nuna wani siririn layi da farce.

"Nan za ka buga. Ba da ƙarfi ba."

Ya buga sau ɗaya, dutsen ya rabe biyu.

"Kai, Mang, ashe ka san dutse," in ji Uyu. "Da wane aiki kake yi?"

Kwana uku aka yi ana zubawa. A na huɗu motar danne titi ta bi ta kai sau shida, a na biyar aka malala kwalta.

Littattafan rajista sha tara suna hawa na biyu, a kan kantocin jati, cikin sanyi, ba ɗigon ruwa. Duk mai bincike yana da 'yancin ya cika fom ya duba. Zai samu lambar kowane dutse, da tsibirinsa, da koginsa, da sunan wanda ya ɗauko, cikin rubutu mai kyau ba gogewa. Kantocin da suka saura an jera musu kofunan gasar ƙwallon tebur.

A bikin sallamarsa Darakta ya yi jawabi mai taɓa zuciya. Ya ce a zamanin da ma'aikata ke ɓarna da dukiyar jama'a, ga ƙaramin ma'aikaci da ya gano kayan da suka yi shekaru ba a san da su ba, ya shigar da su rajista da kansa, ya sauƙaƙa wa gwamnati sayen tifa bakwai. Aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, da agogon bango. Aka tafa. Ohim ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya.

Yanzu yana gida. Rogon bayan gida yana nan, ba a tumɓuke ba. Icih ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma ya fi son da ta faɗa. In ya je gari karɓar fansho, motar haya tana bi ta gaban Cibiya, sai ya riƙa duban ɗaya gefen titin, inda ake sayar da taya.

Wurin ajiye motocin yana ɗaukar mota goma sha huɗu.